Kafin Mai Basira Ya Ce Wa Alhaji "Na Sallama"

Duk wanda ya ƙera sabon abu a Damagaram, injin ɓarar gujiya ne ko murhu mai ƙarancin cin itace, ya sani ranar da Alhaji mai jari ya kira shi shan shayi, ciniki ya fara. Ya zura babbar rigarsa, ya ɗauki abin da ya ƙera, amma zanen cikinsa ya kwana gida ƙarƙashin katifa.

Tun kafin ranar ma ya nemi takardar mallaka. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na hukumar OAPI da ke Yawunde, kuma takarda guda tana kare ƙirƙira a dukansu har shekara 20. Sharaɗinta abin ya zama sabo, saboda haka wanda ya riga ya baje nasa a Kasuwar Dole yana kuri yana iya rasa ta.

Kofin shayi na farko na gaisuwa ne: iyali, gajiya, damina. A na biyu Alhaji zai ambaci kuɗi. In ya ce "dubu ɗari", a tambaye shi cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, dala ko sefa?" Dala ɗaya sefa biyar ce, in kuwa daga Kano ya zo, wataƙila naira yake nufi. Tayin farko amsarsa "albarka", ko da zuciya tana rawa.

Zancen kaso ba abin kunya ba ne. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ma a rubuce aka raba ta: 60 cikin ɗari na kamfanin CNPC na Sin, 40 na Nijar. Mai basira ya sa a ƙiyasta shekarun wahalarsa a matsayin jari, a kuma faɗi wanda zai ɗauki hasara.

Alhaji zai tambaya, kuma da gaskiyarsa: wa zai kawo kayan aiki kullum? Kamfanin Sahara Sahel Foods, da Josef Garvi ya kafa a Damagaram a 2014, yana sarrafa hanza mai ɗaci ta zama abinci, yana tatsar man aduwa, amma ƙashin bayansa matan ƙauyuka ne masu tsinto 'ya'yan itacen. Su ma abokan tarayya ne, a sa farashinsu cikin lissafi.

Kofi na uku ya jira sai shaidu biyu sun iso, da takarda da alƙalami.