Akwala da Jama'arta

Muddin mota tana kwance a gindin darbejiya, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na kwana a kujerar baya, ba wanda ya damu da ita. Irin waɗannan motoci ba su da wuyar gani a ƙasar Birnin Gwari, inda shekarun da hanya ta gagara suka kwantar da su, babur ya gaje komai, daga ɗaukar amarya har kai marar lafiya asibiti. Amma tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, aka sake buɗe karar shanu, motoci suka fara komawa hanyar Kaduna, sai zuciyar samari ta motsa. Ranar da wani yaro a Randagi ya sayar da masararsa ya ce shi zai tada tsohuwar Fijo 504, ranar za ka gane ashe motar tana da dangi. Kowa da haƙƙinsa a kanta, kuma ba wanda ya sa ko sisi.

A fara da mai gayya. Bai taɓa mallakar abin hawa mai ƙafa huɗu ba. Da makulli ake gane shi: motar ba ta tashi, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma makullin na maƙale a yatsa, yana kaɗa shi har ƙofar masallaci. Abin da ya fara saya mata turare ne, sai labulen gilashin baya, sai wata takarda mai mannewa da aka rubuta wa mahassada saƙo a kai. Inji kuwa "za a duba". In ka tambaye shi nawa zai kashe kafin ta hau titi, sai ya faɗi kuɗin da ko tayoyi huɗu ba za su saya ba, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa, don haka aka gaya masa.

Wanda ya gaya masa shi ne dillali. Tun ranar farko ya naɗa shi Alhaji. "Alhaji, lafiyarta lau aka ajiye ta. Batir kawai take so." Ba a taɓa yin motar da ta mutu a bakin dillali ba, duk ajiye su aka yi. Ka nuna masa tafasar da ta tsiro ta ƙarƙashin kujerar direba, ya ce ai wannan shaida ce ba a wahalar da ita ba. Ya karɓi la'ada wajen magadan tsohon mai motar, ya karɓa wajen mai saye, daga nan wayarsa ta daina shiga. Kuma ba ka da hujjar zarginsa, tunda a yankin nan kowa ma sai ya hau tudu yake samun sabis. Bayan tafiyarsa ne wani ɗan'uwan marigayi zai ɓullo, ya ce shi ba a shawarce shi ba, kuma takardun motar suna hannunsa.

Sai tsohon direba. Shi ba a gayyatarsa, da kujerarsa yake zuwa. Ya yi lodin Birnin Gwari zuwa Kaduna ta Buruku a wagon mai kujeru layi uku, tun mai motar bai zo duniya ba, don haka "yaro" yake kiransa, shi kuma ya amsa da "na'am, Baba". Tarihin motar a kansa yake. Zai gaya maka kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara fitar da mota a 1975, zamanin Gowon, shekarar da kuɗin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Zai gaya maka bayan an kashe Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta sauko da manyan jami'ai daga Marsandi ta zaunar da su a 504, har ta zama motar gwamna, motar alƙali, motar hedimasta da ya samu bashin mota. Duk wannan gaskiya ne. Matsalar Baba ita ce daga gaskiya yake haurawa ƙarya ba tare da ya canja giya ba. Yana cikin zancen Kakuri sai ka ji ya taso daga Kaduna da shayi a kofi, ya iso Birnin Gwari bai huce ba. Tanki ya fashe masa a daji, ya liƙe da sabulu. Lagireto ya yi yoyo, ya zuba garin kwaki. Fambel ya tsinke, ya ɗaura ɗankwalin wata fasinja. Na sabulu da na garin kwaki direbobi na yi har gobe, na ɗankwali ma a iya lamunce masa. Amma daga nan sai ya yi tsere da giwa a dajin Kamuku, kuma kullum giwar ƙara girma take yi.

Duk da haka, a cikin taron nan shi kaɗai nake ganin ya cancanci shayin da ake saya masa. Ranar da injin zai fara tari, kowa na ihu, shi zai karkatar da kai ya ce fulogi na uku ba ya ci. A kwance, a tarar haka ne.

Bakanike yana zuwa da sifana uku da guduma a cikin tsohon buhun taki. Ya ɗaga banet, ya yi shiru, ya ja tsaki, ya ce, "Wa ya taɓa motar nan?" Ko wa ka ambata bai iya aiki ba, ko da shi ne da kansa shekara goma da suka wuce. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza a yatsa, ya nuna wa jama'a: man ya koma ruwan toka. Injin 504 silif gare shi, a cikin ruwa suke zaune, in abin da ya toshe gindinsu ko gaskit ya ruɓe, ruwa da mai sun zama ɗaya. Nan zai furta kalmomin da ke raba sabon mai mota da barci: "Sai an sauke inji." Amma, in ji shi, ƙaramin aiki ne.

Kafin la'asar an baje cikin motar a kan buhu: fistin a nan, kiranshaf a can, notoci a gwangwanin madara, awaki na shinshinawa. Washegari ba Oga, ba labarinsa. An ce ya tafi girbi. An ce biki. An ce ya leƙa wajen masu haƙar zinare, injin ban ruwansu ya tsaya. In ya dawo, shi zai riga ka fushi, ya ce kai ne ba ka kawo kaya ba. Ranar haɗawa kuwa abin kallo ne. Ya ɗora galan ɗin fetur a kan rufi, ya sa tiyo a baki ya zuƙa, ya tofar, ya cusa a kafireto, ya kife tafin hannunsa a bakinta yana ba da umarni. In an gama aka ga notoci shida sun yi saura a gwangwani, ya kalle su ya ce Bature ne da son ɓarna.

A yi masa adalci dai. Wannan motar ba ta da kwamfuta, ba ta neman na'urar da za a jona mata. Kwantak ne da kafireto da fulogi huɗu, abin da mutum zai gani da idonsa ya gyara da hannunsa, kuma shi ya sa ta daɗe a ƙauyukanmu. Yaronsa kuma, wanda in aka ce ya miƙo sifana sha-uku sai ya miƙo sha-bakwai ya sha ranƙwashi, shi ke wanke kaya da fetur. Abin da ya rage a kwano ba ya komawa galan, tankin babur ɗin Oga yake sauka.

Mai waya ba ya daɗewa. Ya zo, ya yanke, ya ɗaura, ya naɗe da leda, ya tafi. Daga ranar in ka taka birki sai ham ya yi ƙara.

Kayan gyara sai Kaduna, sai Panteka. Mai shago zai karɓe ka hannu biyu. "Oga, akwai orijina, akwai Beljiyam, akwai na lallaɓawa." Kuɗinsu daban-daban, amma ka lura da kyau, daga kwali ɗaya yake zaro su. Faransa ta daina ƙera wannan mota tun 1983, Kakuri ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000 sannan ita ma ta ajiye, saboda haka yawancin abin da za a sa maka daga jikin wata matacciyar aka ciro shi. In babu a Panteka, a ce sai Ƙofar Ruwa a Kano. In babu a can, za a aiko daga Ladipo ko Nnewi, "sati mai zuwa". Da yake mai motar ba zai yi ta zarya ba, sai ya koma hannun ɗan saƙo, wani direban kasuwa da ake ba tsohon ƙarfe a leda a ce ya samo irinsa sak. Ya dawo da na hagu alhali na dama ake nema, kuma canji ya tafi a kuɗin mai.

Akwai mutum biyu da ba sa ga maciji, kuma dukansu kullum suna wurin. Na farko ɗan boko ne, waya a hannu. Shi ya zuga yaron tun asali. Ya nuna masa cewa wannan ba motar haya ba ce, motar tsere ce: a 1975 wani ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya sake cin ta da samfurinta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta. Abin da ba ya ƙarawa shi ne ta gindin darbejiya ƙofa huɗu gare ta, kuma aikin da ta yi a rayuwarta ɗaukar doya ne. Shi ba ya yarda a sa mata komai sai na asali. Aka liƙa mata madubin wata mota, ya kama kai ya ce an zubar mata da daraja, Turawa ba za su saya ba. Waɗanne Turawa, ta wace hanya za su zo Randagi, ba ya faɗa.

Na biyu kawu ne, manomi, mai lissafi. Shi a ganinsa a yanke bayan da walda, a kafa mata bodin katako, ta riƙa kwaso masara daga gona. In ba haka ba a sayar a haɗa kuɗin Golf, wadda ake loda wa buhu goma ta tafi tana jan ciki. Sukan yi musu har magariba, a gaban mai motar, ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa.

A cikin gida lissafin wani iri ne. Uwargida ba ta san fistin ba, amma ta san kuɗinsa a mudu. Aka ce an sayi batir, ta ce buhu guda ke nan. Aka ce taya, ta ce ga ankon biki ya wuce. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, sai dai in ya shigo da dare hannu baƙi ƙirin ta ce, "Sannu da zuwa, ya jikin nata?" Maƙwabciya kuma, Inna mai kaji, ta aiko a gaya masa kazarta na kan ƙwai a but, kada wanda ya taɓa sai ta ƙyanƙyashe. Aka jira.

Ranar tashi, gari ya hallara. 'Yan turi iri biyu ne. Yara su ne masu turawa da gaske, ladansu a ɗana su zuwa bakin kasuwa. Sai babba guda da ya ɗora yatsa biyu a kan but, rigarsa ba ta ko motsa ba, amma muryarsa ta fi ta kowa: "Sa a tu! Saki kuloc! Ba ta wuta!" In ta tashi, shi ya tada ta. In ta ƙi, direban ne bai iya ba. Salansa ta yi aman hayaƙi da ɓawon gyaɗar da ɓeraye suka tara, mata suka yi guɗa ta kan katanga. Kafin hayaƙin ya washe masu kamu sun iso: wannan zai aurar da 'ya, wannan surukarsa za a kai asibiti Birnin Gwari, wannan taki ne buhu biyu kacal. Ba mai zancen mai. Ɗan bumburutu ne kaɗai ke murmushi, don tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya san abin da kafireton 504 ke nufi ga kasuwarsa.

Akwai kuma wanda bai taɓa ba da shawara ba, bai tura ba, bai roƙi a ɗauke shi ba. Ɗan gwangwan ne. Tun ranar da aka sauke inji yake biyowa ta wajen da kurarsa, ya tsaya daga nesa, ya yi sallama cikin ladabi. Ba ya kallon fenti, ba ya sauraron inji, ba ruwansa da gasar Safari. Ido yake zuba wa ƙarfe yana awo a zuci: kan injin alminiyom ne, lagireton akwai tagulla, batir kuɗinsa daban. Duk cikin jama'ar nan shi ne bai taɓa yi wa mai motar ƙarya ba. Ranar da ta tashi ma ya zo ya taya murna, ya bi ayari a baya a hankali, har inda ta yi tari biyu ta tsaya a hawan bayan gari, ruwa na zuba ta ƙasa. Ya jingine kurarsa, ya gaida bakanike, ya gaida Baba, sannan ya matso kusa da taga.

"Allah ya sa alheri, Alhaji. Ni ba sauri nake ba. Sai dai in za a sake sauke injin, a ce wa yaron nan ya daina zubar da notoci, duk a kilo suke."