Na Baya Ma Ji Ya Zo Yi

Mu dai a unguwar nan, in taro ya taso, ba ma tambayar mai kayan sauti ko za a ji magana. Abin da muke tambayarsa shi ne akwati nawa zai kawo. In ya ce takwas, sai mu ce ai na gidan su wane goma sha biyu aka jera, ya ƙaro. Ranar taro a jibge su a gaban rumfa, wani kan wani, rabi dama rabi hagu, a tayar da janareta, yaro ya kama makirfo yana "gwaji, gwaji", kowa ya gamsu. In matan da ke can bayan layi uku suka aiko a tambayo bikin wa ake yi, to a wurinmu kaya sun yi kyau, mai su ya ci kuɗinsa.

Haka muke yi a biki, haka a maulidi, haka a wa'azi da gangamin siyasa. Kuma duk mun san yadda ake ƙarewa. Dattawan da aka girmama da kujerun gaba su ne lasifika ke duka a kunne, su tashi kansu na sarawa. Na tsakiya su tsinci wani abu. Na baya kuwa gunji kawai ke isa gare su, kowa yana taɓa na kusa da shi yana cewa "me ya ce?" Can wani ya ɗaga murya, "A ƙara sauti!" Mai kaya ya murɗa, makirfo ya yi fito, yara su toshe kunne, na bayan dai bai ƙaru da komai ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin tsohon da ya tako da sanda daga ƙarshen unguwa ya zauna a kan tabarmar baya, shi ma ji ya zo yi.

Maganar ta taso ne a majalisarmu ta bakin shagon mai gyaran rediyo, da saukar karatun Islamiyyar unguwa ta matso. Shugaban matasa ya zo da zafinsa, ya ce bana sai irin na rataye, baƙaƙen akwatunan nan da ake gani a manyan taruka na Abuja da Legas, a jere daga sama suna lanƙwasowa ƙasa, waɗanda masu sana'ar ke kira layin-are. Ya ce ya gaji da a riƙa yi mana dariya.

Mai gyara bai ɗago daga abin da yake liƙawa ba, ya ce, "Ɗana, filin namu taku nawa ne daga mumbari zuwa katangar baya?"

Aka yi shiru. Mutum goma sha, har da masu riƙe da kuɗin taron, babu wanda ya taɓa aunawa.

Gaskiyar shugaban matasa ce ta wani ɓangare, domin kayan nan ba ado ba ne. Sautin akwati guda yana bazuwa ne ko'ina, sama da ƙasa da gefe, kuma duk lokacin da ka ninka nisanka da shi, ƙarfin yana raguwa da desibel 6. Wanda ke mita 2 da akwati da wanda ke mita 64, ninki biyar ne tsakaninsu, wato desibel 30. In kana son na baya ya sami 80, wanda zai ishe shi jin magana cikin hayaniyar taro, to na gaba 110 kake zuba masa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a ƙa'idar da ta fitar a 2022 domin wuraren taro da kiɗa, cewa ta yi kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15. Ga shi yaranmu gindin akwatin suke rububin zama. Sa'an nan jibgawar da muke yi gefe da gefe tana da tata illar: sautin kowane akwati yana isa kunne a lokacinsa daban, wani ya ƙarfafa wani, wani ya kashe wani. Duk wanda ya taɓa ratsa filin taro ya ji muryar mai magana ta yi kauri a nan, taku uku gaba ta sirance, wannan ne dalili.

Jerin rataye an yi shi ne don maganin wannan. Akwatunan suna manne da juna daga sama zuwa ƙasa, an ƙera bakin kowanne yadda sautinsa zai haɗu da na maƙwabcinsa su fita tamkar abu ɗaya. Bambancinsa da akwatin da muka saba kamar na ƙwan lantarki da tocila ne: ƙwai ya haska rufi da bango da inda ba kowa, tocila ta kai hasken inda aka nufa. Na saman jerin suna kallon nesa, su ke kula da na baya. Na ƙasan an karkato su su kalli na gaba, kuma da yake a sama suke, ba wanda ke zaune a bakinsu. In jerin ya yi tsawo, raguwar nan ta desibel 6 takan koma kusan 3 har zuwa wani nisa. Dabarar ma ba baƙuwarmu ba ce: dogayen siraran lasifikun da ke jikin ginshiƙan wasu masallatan Juma'a danginsu ɗaya. Wanda ya mai da ita ta manyan filaye wani masanin kimiyya ne ɗan Faransa, Christian Heil, da ya kafa kamfanin L-Acoustics a 1984. A 1992 shi da Marcel Urban suka gabatar da binciken da ya nuna sharuɗɗan da za a cika kafin akwatuna da yawa su yi aiki kamar guda, daga nan samfurin V-DOSC ya fito, sauran kamfanoni irin su JBL da Meyer Sound na Amurka da d&b na Jamus suka biyo da nasu.

Sharuɗɗan nan su ne muke tsallakewa in mun karɓi abu. Na sha ganin an ɗauko akwati uku ko huɗu na jerin rataye an ɗora a kan tebur, ko a kan manyan akwatunan bes, suna kallon ƙirjin mutanen gaba. A haka sun koma akwatin da muka saba, sai dai tsadar haya. Gajeren jeri ba ya iya riƙe kaurin murya ya aika nesa, sai ya yi tsawo. Kuma karkatar da ke tsakanin akwati da akwati ba da ido ake yanke ta ba. Kamfanonin suna da manhajar kwamfuta da ake saka mata tsawon fili da faɗinsa da tudunsa, ita ta faɗi akwati nawa, a rataye su a tsayin mita nawa, kowanne ya karkata da digiri nawa. Ta L-Acoustics sunanta Soundvision, ta d&b ArrayCalc. Saboda haka mai kayan da ya yanke maka farashi a waya, bai zo ya taka filin da ƙafarsa ba, bai tambayi inda mutane za su zauna ba, ni ban yarda da shi ba ko da sunan wane kamfani ne a jikin akwatunansa.

Sunan ma sai an bi a hankali. Kasuwa cike take da akwatunan da aka kwaikwayi siffar na asali aka liƙa musu tambari, a buɗe ciki a tarar babu abin nan da ke daidaita fitar sautin, wanda shi ne dukan sirrin. Ba ina raina masu haɗa akwati na gida ba ne, akwai waɗanda bes ɗinsu ba ya jin kunyar kowa. Amma siffa daban, aiki daban. Haka lambar wat da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali: ba ita ke nuna za a ji magana ba.

Liman ya jima yana sauraro, sa'an nan ya kawo abin da babu wanda ya tuna. Ya ce, "To iyayen yaran fa? Rumfar mata a ina za ta tsaya?"

Mai gyara ya ajiye abin hannunsa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ka taɓo wurin."

Ya kuwa taɓo. Taronmu ba irin na filin waƙa ba ne da jama'a ke miƙewa doguwar hanya a gaban dandamali. Mu faɗi muke yi. Maza a gaba, mata a can gefe ko a bayan labule, yara a kowane lungu. Jerin rataye yana da iyakar faɗin da yake rufewa, wanda ya fita daga wannan iyaka ya fita daga rabon. Shekara da shekaru uwar da ta yi ta wahalar kai yaro makaranta da safe da yamma, ranar da zai karanta allonsa a bainar jama'a, ita ce ke zaune inda sauti ba ya zuwa. Ko da kayan miliyan nawa aka kawo, in ba a kai wa rumfar mata nata akwatin ba, ba a yi komai ba.

Nan ma akwai abin lura, domin mun saba jan waya mu kafa ƙarin lasifika a tsakiyar fili, mu ce mun taimaki na baya. Sauti a iska yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan guda, na cikin waya kuwa nan take yake isa. Wanda ke mita 70 daga mumbari zai ji lasifikar kusa da shi tukuna, bayan kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan muryar gaba ta iso, kalma ta hau kan kalma. Wanda ya taɓa sallar Idi a sahun baya ya san yadda kabbara ke zuwa biyu-biyu, har wasu su rasa wadda za su bi. Maganin ba shi da tsada: ana jinkirta lasifikar baya daidai da nisanta, ta jira muryar gaba su fita tare. Miksar zamani da yawa tana da wannan a cikinta, sai dai a sami wanda ya iya kuma ya damu ya saita.

Ga kuma yanayinmu. Busasshiyar iskar hunturu tana cinye siririn sauti kafin ya yi nisa, kuma a cikin siririn sautin nan ne sa da sha da tsa suke zaune. A kiɗa ana iya haƙuri. A karatun Alƙur'ani, inda yaro ya shekara ana gyara masa bambancin sinun da sadun, asara ce babba a ce na baya ba ya rarrabe su. Da dare kuma, in ƙasa ta huce, sauti yakan lanƙwaso ƙasa ya yi nisa fiye da na rana, ya shiga ɗakin mara lafiya da na mai jego a unguwar da ba a gayyace ta ba. Abin da muke ɗauka alamar kaya sun yi kyau, haƙƙin maƙwabta ne muke ɗauka.

A ɗakin taro mai gajeren rufi kuwa, mai tayil a ƙasa da siminti tsirara a bango, ba na ba kowa shawarar jerin rataye. Babu tsayin da za a rataye shi, sautin ya daki bangon baya ya dawo. Ƙananan akwatuna da aka rarraba a gefe, kowanne a hankali, sun fi shi nesa ba kusa ba.

Abin da ya sanyaya jikin shugaban matasa shi ne maganar nauyi. Akwatin V-DOSC guda ya haura kilo 100, goma sha biyu sun wuce tan ɗaya, kuma a saman kawunan mutane za su tsaya. Wannan ba aikin katako da igiya ba ne. Yana son ƙarfen da aka yi don shi, da sarƙa, da wanda ya san iyakar abin da kowane ƙugiya ke ɗauka. Mu kuwa mun san iskar da ke gabatar ruwan farkon damina, yadda take ɗauke rumfa ta yi jifa da ita. A Amurka ma, ranar 13 ga Agustan 2011, iska ta rushe dandamalin waƙa a bikin baje kolin jihar Indiyana, mutum bakwai suka rasu. Ɗalibanmu a gaba ake zaunar da su, daidai ƙarƙashin inda za a rataye kayan.

Washegari da la'asar mai gyara ya ja matasa biyu suka taka filin. Tsawonsa bai kai mita 50 ba, faɗinsa ya fi tsawonsa. Aka daidaita a kan akwati biyu a gaba, a ɗaga su a kan sanduna su wuce kan mutum, biyu a tsakiya da jinkirinsu, biyu a rumfar mata, kuma janaretan sauti daban da na fitilu da fanka, don kada anfilifaya ta riƙa ɗaukewa. Kuɗin da ya ragu aka ƙara tabarmi da ruwan sha. Shugaban matasa bai saki ransa gaba ɗaya ba, ya ce ranar da za a yi babban taro a filin wasa na Ƙofar Mata shi dai na rataye zai nema, mai gyara ya ce masa a can kam da gaskiyarsa, shi ma zai raka shi.

Liman ya sa sharaɗi ɗaya kafin a biya kafin alƙalami: gwajin ba da kiɗa za a yi shi ba. Ɗaya daga cikin masu saukar zai karanta, mutum ɗaya ya tsaya a katangar baya, malamar 'yan mata ta zauna a rumfar mata, kowannensu ya maimaita abin da ya ji. An sa Alhamis bayan la'asar.