Yadda Mutumin Horo Birni Zai Gaisa da Teku Bai Baro Hularsa Can Ba

Duk shekara idan watan Maulidi ya kama, mutanenmu da yawa sukan ɗaura niyyar Kaulaha, su je Madina Baye ziyarar Shehu Ibrahim Inyass. Yawanci ta wajen Dakar ake ratsawa, amma sai ka ga mutum ya je ya dawo bai leƙa teku ba. Haba Malam! Ka taso tun daga Horo Birni, ka baro Shagari da Bodinga a baya, ka isa har inda ƙasa ta ƙare, sannan ka dawo mana da carbi da turare kaɗai? A unguwar Almadi ta Dakar ne nahiyar Afirka ta yi iyaka ta yamma. Daga nan sai ruwa har Amurka. Ware yini guda, ka nemi ɗan jagora, ka je ka gani.

Maganar kuɗi a gama ta kafin a shiga mota. Da sefa ake ciniki, kuma ɗan jagora zai faɗi farashi da Faransanci ko Wolof yana murmushi. Kai ma yi murmushin, ka miƙa masa wayarka ya rubuta adadin. Ciniki dai ba baƙonka ba ne, kai da ka sha taya rago a kasuwar Bodinga. A faɗi wuraren da za a je da lokacin dawowa, a saka har da tsayawar salla. Agogonka kuma ka mayar da shi baya da awa ɗaya, don kada ka tada mutane Azahar rana ba ta karkata ba.

Sai tufafi, kuma a nan ne ake yawan jin kunya. Na san ka tanadi babbar rigar shadda mai aska takwas, an buga ta tana ƙyalli. Bar ta a masauki. Wurin da za a kai ka shi ne Mamel, ba nisa da Almadi, tuddai biyu a unguwar Wakam, kuma wanda ya fi tsawo ya kai kimanin mita 100. A kansa akwai hasumiyar fitila da Faransawa suka gina a 1864 don jiragen ruwa, a kan ɗayan kuma ƙaton gunkin tagulla da aka buɗe a 2010 zamanin Shugaba Abdullahi Wade. Daga gefen tudun ƙasa ta yanke, baƙin dutse ya sauka tsaye har cikin ruwa. Iskar wajen ba ta san Alhaji ba. Tana shiga ta hannun riga ta cika ta fam, sai ka ga dattijo mai mutunci ya buɗe kamar lemar kasuwa, ƙafa na neman barin ƙasa. Sa kaftani, da takalmi mai kama ƙafa, silifas kuwa na bayi ne. Hula ko dai ka danna ta har kunne ko ka naɗe ta a aljihu. In ta tashi, yi mata fatan alheri. Ba a bin hula a bakin dutse, ko da zanna bukar ce ta ranar aure.

Idan ka iso gaɓa, tsaya inda ɗan jagora ya tsaya. Da gaske nake, kada ka ƙara taku ɗaya a kan nasa. Gishiri da igiyar ruwa suna cin dutsen ta ƙasa, don haka inda ido ke ganin tabbas yana iya zama ɓawo ne kawai. Hoto kuma kowa na so, kuma dole a aika wa iyali a WhatsApp su tabbatar. To, ba wani wayar ya ɗauke ka. Mai ɗaukar kansa hoto yakan ja da baya yana neman teku ya fito sosai, ga shi kuwa bayansa babu komai.

Bayan haka ka yi shiru ka duba. Igiyar ruwa za ta taso daga nesa, ta yi tozo, ta daki dutsen da ƙara har ka ji a ƙirjinka, farin kumfa ya tashi sama, ya koma, wata ta biyo. Za ka ji gishiri a leɓenka ba ka sha komai ba. Kusan tabbas wani a ayarinku zai ce, "Wanga ruwa, ina iyakatai?" Kada ka yi masa dariya, don tambayar tana bakinka kai ma. A ƙasan tudun, daf da ruwa, akwai masallacin Wakam mai dogayen hasumiyoyi biyu, ga kwalekwalen masunta 'yan ƙabilar Lebu a jere, an yi musu fenti kala-kala. Sauka ka yi salla a can. Alwala da ruwan teku ta halatta, sai dai wajen kurkure baki ka yi hattara kada ya wuce maƙogwaro.

Akwai wanda zai ce shi fa ya iya iyo, tun yana yaro yake tsallake gulbi da damina. Allah ya ƙara basira. Amma gulbi gaba yake tafiya, ka san inda ya nufa. Teku yana cika ya janye sau biyu a cikin yini da dare, kuma yana da ja ta ƙarƙashi mai kwashe ƙafar mutum ya yi ciki da shi. Dutsen da ka zauna a kai da hantsi yana iya nutsewa kafin La'asar. Hukuma ta hana wanka a gaɓoɓi da dama na Dakar saboda ana rasa rayuka a cikinsu. Ko Sarkin Ruwan Argungu ne ya zo nan, tambaya zai yi kafin ya tsoma ƙafa.

Idan da sauran kuɗi kuma hukumar gandu ta buɗe hanya, a ɗauki kwalekwale daga Sumbejun zuwa tsibiran Madelen, waɗanda aka mayar gandun ƙasa a 1976. Babu mai zama a can sai tsuntsaye, da wasu kukoki da iska ta hana su tsawo, har suka bazu a ƙasa. Kai da ka girma da miyar kuka, sai ka gan su za ka yarda. Sa rigar kariya da za a ba ka ko ta ɓata maka ado, kuma kada ka cika ciki kafin a tashi. Shinkafa da kifin mutanen Dakar, wato cebujen, a bari sai an dawo tudu, a ci a natse.

Ka roƙi ɗan jagora ya bar ku a bakin gaɓa har Magariba, don a nan rana cikin ruwa take faɗuwa. In an kira salla, juya wa teku baya, alƙibla tana gabas. Ɗan'uwa, in Allah ya kai ka Kaulaha bana, ka saka yinin nan cikin lissafin guzurinka tun daga gida.