Masu Kwanan Mota na Farko

Turawa suna da wata mota mai gado da murhu a ciki, irin wadda Volkswagen ta yi suna da ita tun shekarun 1950, su saye ta da tsada don kawai su je daji su kwana. Mutanen Asawase da ke Kumasi ba su jira wannan ba. Idan maulidin Prang ya zo, garin da marigayi Shehu Abdullahi Maikano ya zauna, sai a yi karo-karo a unguwannin Aboabo da Sawaba a ɗauki shatar bas, a bi ta Mampong da Ejura da Atebubu. In an isa masauki ya yi kaɗan, motar ce ɗakin kwana, gindinta ne madafa. A ganina wannan tsari ya fi na Bature dacewa da sabon shiga, domin duk mai tafiyar farko da aibinsa yake zuwa, maganin aibin kuwa yana zaune a kujerar kusa da shi.

A fara da Hajiya mai kwashe gida. Tafiyar kwana uku ce, amma ta zo tasha da katifa, kurfoti, buhun gawayi, garin kwaki, kwalbar shito, tukunyar da za ta ciyar da gidan suna, da turmi, wai ko za a samu doya mai araha a Atebubu. Yaron mota ya ce, "Hajiya, ƙaura za a yi?" ta ce, "Ɗaura dai, ɗan nan." Kowa ya yi ta gunaguni har Ejura. Can baya ga Malam mai tawakkali, wanda bai ɗauko komai ba sai buta da carbi, yana yi wa masu kaya wa'azi a kan son duniya. Bayan isha'i shi ne farkon wanda zai yi sallama a bakin kurfotin Hajiya, wai ya zo duba ko wutar ta kama. Da shi kaɗai ya tafi da ya kwana da yunwa. Da ita kaɗai ce da rabin shinkafar ta lalace. Bas ɗaya ta raba musu gardama.

Akwai kuma masanin hanya, wanda iyakarsa a duniya hawan dutsen Mampong, amma tun daga Kumasi yake koya wa direba sa giya, yana ba da labarin fataken goro da Salaga kamar tare da shi aka yi. Ana tsaki, sai dai surutunsa ne ke hana direba gyangyaɗi. Ga saurayi mai waya, wanda ya zo don ya nuna wa Facebook ya zo. Cajinsa ya ƙare tun kafin Atebubu, daga nan ya zama mai ladabi ga duk wanda ke da abin caji, har ɗebo ruwa yake yi. Mai munshari ba ya buƙatar dogon bayani: shi ne da asuba zai rantse bai runtsa ba.

Wani zai ce ai wannan wahala ce aka yi wa ado, motar Bature kuwa da gadonta da banɗakinta. Gadon gaskiya ne, amma gado ba ya tuna wa mutum ya manta ashana. Mata da miji biyu rak a dokar daji, in mijin ne mai tawakkali matar kuma ta biye masa, babu Hajiyar da za su yi wa sallama, in masanin hanya ne ke riƙe da sitiyari, babu fasinja ashirin da za su ce masa, "Alhaji, ba nan ba ce." Wani kuma zai ce cunkoso yana haifar da faɗa, kuma haka ne, musamman a kan kujerar taga da wanda ya miƙe ƙafa a kan buhun wani. Amma faɗan bas yana da alƙalai, domin ba a rasa dattijo guda da zai ce a yi salati, kuma waɗanda suka yi cacar baki a kan sauro da tsakar dare su ne gobe za su haɗa kuɗi su sayi doya, su roƙi Hajiya aron turmin nan da suka so a bari a tasha.