Yadda Ake Cin Kasuwa Ba Tare Da Ta Ci Mutum Ba

Kaka ta yi a Babban Mutum. An girbe gero, ana roron wake, riɗi ya shiga buhu. Aljihu ya yi nauyi, shi kuwa in ya yi nauyi ƙaiƙayi yake yi. To ɗan'uwa, saurara kafin ka hau motar kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi.

Sha fura ka ƙoshi tun daga gida. Mai jin yunwa bai iya ciniki ba, ƙanshin tsire kaɗai sai ya raba shi da kuɗin tiya biyu. Katin banki kuma ka ba uwargida ta jefa ƙasan adaka. Da can in kuɗi sun ƙare sai a kama hanyar gida, yanzu kuwa ga mai POS ƙarƙashin lema yana jiran ka.

Ka kiyayi mai rumfar da zai kira ka "Alhaji", alhali iyakar tafiyarka Kano. Wannan Alhajin biyan sa ake yi. Zai warware shadda ya yafa maka a kafaɗa, ya ja da baya, ya kama baki: "Kai, kamar don kai aka yi ta! Ita ake yayi a Kantin Kwari." In ka taya ya ce albarka, yi hamdala ka wuce. Kada ka waiwaya, ko da ya biyo ka da "zo na sallama". Waiwayen nan shi ke cinye rumbu.

Iyayenmu mata, ku ma ga taku. Biki uku a wata, anko uku, kowane a ɗaura sau ɗaya a ninke. Samira da kuloli sun kai rufin ɗaki, ba wadda ta taɓa ganin tuwo. In za a sayayya a tafi da Goggo, wadda za ta shafa atamfa ta ce: "'Yar nan, ta nawa ke nan a akwati?"

Babbar dabarar ita ce ka daina lissafi da naira, ka koma dami. Wayar nan dami nawa ce? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ma ya zama abin lissafi. Geron da ka zubar da araha a Nuwamba, shi za ka fita nema da tsada a Agusta, gona kore shar, rumbu wayam, yara na kallon tukunya.

Don Allah, kafin ka fita, leƙa rumbu ka ware abin da zai kai gidanka sabon gero. Abin da ya saura, shi ne kuɗin kasuwarka.