Yadda Na Je Farautar Dogaye Na Dawo Tela

Duk abin da ya same ni, a teburin mai shayin layinmu ya samo asali. Ana cikin gardamar ƙwallon Ingila sai wani ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ya ce mu 'yan Samaru ba mu san arzikinmu ba. Masai Ujiri, mutumin da ya shugabanci Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA a 2019, a nan Zariya ya tashi. Yana ɗan shekara 13 ya fara ƙwallon kwando, ya kuma bi ta hannun Koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan da kowa ke kira OBJ. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a 2002 Masai ya fara aikin farauto wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa, ba a biyan sa ko sisi. Na ce a raina, in dai aiki ba albashi ne tsanin ɗaukaka, ai ni na daɗe a kansa.

Lokacin dogon hutun Agusta ne, kuma ana gasar 'yan sakandare a wani fili a Samaru. Iyakar sanina da wasan bai wuce abu biyu ba: kwandon yana sama ƙafa 10, kuma dogo ya fi gajere kusa da shi. Ni kuwa ƙafa 5 ne da inci 3, har da hula. Na sayi littafin rubutu, na ari tabarau, na zare tef ɗin awon uwargida daga kan kekenta na ɗinki.

"Malam, ina za ka kai mini tef?"

"Amurka," in ji ni.

"To a dawo da shi kafin la'asar, ina da ankon biki."

Ina isa na rataya tef a wuya, na kama wani yaro mai ɗan tsayi na fara awo. A nan na gano tef ɗin tela inci 60 ne kawai, yana ƙarewa yaron bai ƙare ba. Dole sai na dafe da ɗan yatsa a kafaɗarsa, na hau benci na ɗora daga nan. Ina juyowa na ga layi ya kai bakin ƙofa. Yara kusan talatin, kowa ya miƙe hannuwa. Kaina ya kumbura. Na ce lallai gwani ba ya ɓuya. Na auna tsayi, na auna faɗin hannu, na rubuta suna da makaranta. Wani ya ce shi lamba 23 yake so. Na rubuta, don na zaci wata ƙa'idar wasan ce.

Wasan kansa ban kalle shi sosai ba. Na dai lura da wani ɗan firit, siriri kamar sillen kara, ƙafafu kamar kwalekwale, wanda ya hana kowa sakat. Ya buga da dama, ya buga da hagu, ya jefa daga nesa ta faɗa. Jama'a na ta ihu. Na rubuta a gaban sunansa: "Gajere. Ya nemi wata sana'a."

Sai Allah ya nuna mini rabona. Ragar kwando ta tsinke, alƙalin wasa ya busa usur, ana neman tsani. Wani dogo ya taso daga cikin 'yan kallo, ya ɗan yi ɗage, ya ɗaure ta kamar mai shanya wanki. Gabana ya faɗi. Nan take na hango kaina a Toronto cikin kwat, uwargida tana ɗinki da keke mai lantarki.

Kafin in keta taro ya hau babur ya wuce. Na tare ɗan acaɓa na ce ya bi shi. Ban taɓa bin sawu mai sauƙi irin wannan ba, don kansa ya zarce rufin kowace Keke Napep. Muna Kwangila hadari ya haɗo, kafin PZ ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ɗan acaɓa ya ce kuɗin rani daban, na damina daban. Na ce ya ja kawai, dala na tafe.

A wani shagon kayan lantarki a Sabon Gari na cim masa, ina ɗigar ruwa kamar kazar da ta faɗa randa. Na yi sallama, na gyara tabarau.

"Samari, aji nawa kake?"

Ya dube ni daga can sama. Sai a lokacin na ga furfura a gemunsa.

"Yallaɓai, aji kuma? Shekarata 41. 'Ya'yana biyar."

Na ce ko ya taɓa buga ƙwallon kwando. Ya ce shi tun yana yaro gwiwa ke damun sa, ɗansa kawai ya je kallo, wanda ya ci wa makarantarsu wasan yau. Ɗan siririn nan mai manyan ƙafafu. Shekararsa 14, takalminsa lamba 46, kuma duk wata shida sai an sake masa wando. Ya ƙara da cewa tun da safe wani koci ya zo ya gaishe shi, ya dubi tsayinsa, ya tambayi na mahaifiyar yaron, ya karɓi lambar waya. Ashe masu sana'ar ba tsayin yau suke saye ba. Ƙafa suke dubawa, da tsawon hannu, da ko yaro na iya wasa da hagunsa, sannan su ɗaga kai su dubi uban. Ni na ga uban, na ga ɗan, na ɗauki uban.

Na buɗe littafina in goge abin da na rubuta, na tarar ruwa ya riga ni. Bawan Allah ya ba ni buhu na yafa, ya kuma cika mini kuɗin mota, don ɗan acaɓa ya tafi da dalolin da ke aljihuna.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Yara ne, sun fi ashirin. Ashe tun a fili wani ɗan maƙwabtanmu ya shaida musu cewa ni mijin Anti mai ɗinki ne, an turo ni awon rigunan wasa na kyauta.

"Baba tela, an gama?"

Mai lamba 23 yana gaba. Uwargida ta leƙo, ta ƙirga kawuna, ta dube ni, ta ce za ta ɗinka, yadi da zare da ladan hannu duk a wuyana, biya kafin yanka. Sannan ta ce in kawo tef ta fara.

Jama'a, duk wanda ya tsinci tef ɗin awo ruwan ɗorawa tsakanin Kwangila da PZ, don Allah ya kai wa mai shayin layinmu. Yau kwana tara ke nan a can nake karyawa.