Masu Neman Aikin Dala a Ƙasar Lautai

Tun da annobar korona ta 2020 ta nuna wa duniya cewa ana iya aiki ba tare da an taka ofis ba, matasan masarautar Gumel, wato ƙasar Lautai, suka samu sabuwar sana'a. Wanda ya gama Kwalejin Ilimi ta Gumel yana zaman jiran takardar koyarwa, da wanda ya koyo kwamfuta a Kazaure, da 'yan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, kowa ka taɓa sai ya ce yana da intabiyu ranar Talata. Ko fassara ce, ko rubuta abin da aka naɗa a murya, ko koya wa na'ura Hausa, albashin dai da dala ake ambatonsa. Duk wanda Allah ya jarraba da sola da kwamfuta da bango mai fenti kuwa, ɗakinsa ya zama zauren ganawa. A nan na san su.

Wanda ya fi sammako shi ne Ɗan Aro. "Kawu, minti talatin kacal," in ji shi, sai ya yini. Zai ari kwamfuta, ya ari iyafis, ya ari kwat, ya sa a ɗaure akuya nesa da taga, ya kora maka 'ya'ya maƙwabta. Sannan ya juya kantar littattafanka, ya jera masu kaurin a saitin ƙeyarsa. Kayan aro dai ba ya rufe katara: ranar da mai tambaya ta ce wanne ya fi so a cikinsu, sai ya waiwaya yana karanto sunan da ke jikin ƙamus.

Rabin Ado ba ya buƙatar dogon bayani. Sama kaftani mai guga da hula zanna, ƙasa gajeren wandon ƙwallo. Asirinsa a rufe yake har sai caji ya yi ƙasa ya miƙe neman soket.

Mai Hanci shi ne wanda muka yi firamare ɗaya da shi, amma da an kunna kyamara sai Turancinsa ya koma fitowa ta hanci. Mu ba mu gane ba, Baturen ma bai gane ba.

Sai Maharbin Sabis. Wannan ya san kowane tudu da kowace inuwar darbejiya da sanda huɗu ke tsayawa, daga Sule Tankarkar har Gagarawa. Layi uku gare shi, kowanne da lokacin da yake tashi daga barci. Tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025 ya daina gwaji da bidiyo, sai dai ya ɗaga waya sama yana juyi. Na Maigatari ya fi ban tausayi, domin in ya matsa arewa kaɗan sai wayar ta tsallaka iyaka ba fasfo, saƙo ya shigo da Faransanci yana yi masa maraba da zuwa Nijar. In kuma aka yi rashin sa'a ganawar ta faɗo ranar Alhamis, ranar da kasuwar dabbobi ke ci, to da shanu da raƙuma za a yi ta. Wani ya ba ni labari cewa matar da ke tambayarsa daga Landan ta yaba kyan hoton da ya sa a bayansa. Kafin ya yi godiya, hoton ya miƙo wuya ya yi gurnani.

Amma gwanina, wanda ya fi shan ruwan randata, shi ne Mahaddaci. Mako guda kafin ranar zai sa ChatGPT ta rubuto masa tambayoyi da amsoshinsu, ya kai shago a buga, ya shiga bita yana rangaji kamar almajirin da zai ba da hadda gobe da asuba. Ni ne Baturen gwaji. Zai zaunar da ni a kujera, ya gyara murya, ya ce, "Kawu, fara." In na ce ya gaya min ko shi wane ne, sai ya kwararo ba numfashi ba waƙafi. In na kuskura na yi tari a tsakiya, ya koma farko. In na sauya wa tambaya kalma ɗaya, sai ya kalle ni da takaici: "Haba Kawu, ba haka take a takarda ba." Ranar ganawa zai manna takardun a bango bayan kwamfuta, shi ya sa za ka ga idonsa yana tafiya daga hagu zuwa dama, mai tambaya tana zaton wani ne ke gilmawa. Da aka ce masa, "Kana jina?" ya amsa da tarihin karatunsa tun daga sakandare. Da aka tambayi rauninsa, ya ce yawan son aiki. Haka na jiya ya ce, haka na shekaranjiya. A yadda kamfanonin waje suka san mu yanzu, duk faɗin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar nan babu mai wani aibi sai tsananin ƙwazo. Abin haushin, yaron ya iya aikin. Ka ba shi shafi ya fassara, ka sha mamaki. Bakinsa ne kawai bai yarda da shi ba.

Ɗan Agogonmu an ce masa ƙarfe goma agogon Nairobi, wadda ke gabanmu da awa biyu. Ya zo goman Gumel cif, ya tarar an watse, har yau yana cewa su ne ba su da alƙawari. Ƙaninsa kuma ya haddace cewa lokacinmu ɗaya da Landan, bai san daga ƙarshen Oktoba suna ja da agogonsu baya da awa guda ba.

Mai Gayya ita ba ta da laifi, gidansu ne ya ɗauki abin biki. Ƙanne sun yi layi a taga, yaya tana fifita, an tofa addu'a a ruwa an ba ta ta sha. Ana tsaka da magana Inna za ta ɗaga labule ta leƙo fuska cikin kyamara: "Sannu Baturiya, ya mutan gida? Ga amana nan." Ku yi dariyarku. Ita ce ta gwada makirfonta tun jiya, ta cika fawa-banki, ta karanta abin da kamfanin ke yi, kuma sau da yawa ita ake kira.

Akwai kuma Malamin Horo, mai cewa a kalli kyamara ba fuska ba, a fuskanci taga don haske, a tuna Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40. Shi kansa ba a taɓa ji an ɗauke shi aikin dala ba. Ba zan tsananta masa ba, tunda ɗakinsa ake aro.

Duk waɗannan nawa ne, gobe ma su dawo. Wanda ba na yi wa dariya shi ne Dillali. Ya buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram, ya sa hoton jirgin sama, yana cewa yana da hanya a wani kamfanin Amurka. Kuɗin fom, kuɗin horo, kuɗin "tabbatar da gurbi", sannan a turo lambar NIN da BVN. Yaron da uwarsa ta sayar da tunkiya, ko ubansa ya fitar da buhun riɗin da ya ajiye, shi ne abincinsa. Wani lokaci har ya yi tayin zama a gaban kyamara a madadinka, ya karɓi rabin albashin wata na fari. In asiri ya tonu, ba sunansa ne ke ɓaci ba, na yaron ne da na duk mai nema daga wannan yanki. Mahaddaci lokacina kawai yake ci. Wannan gumin talakawa yake ci, kuma yana sallah a sahu ɗaya da iyayensu.

Don haka 'yan'uwa, ku ari ɗaki, ku ari kwat, ku hau tudu in ta kama. Amma kamfanin gaskiya ba ya karɓar ko sisi kafin ya gana da kai. Duk wanda ya ce ka biya kafin a yi maka tambaya, ka riƙe kuɗinka ka sayi data, sannan ka gargaɗi na kusa da kai.